Ɗa'un: cutar ramukan daji da ta bi hanyar fatake ta zaga duniya sau uku

Ba kowace annoba ce ɗa'un ba. Kwalara annoba ce, haka sanƙarau, haka agana. Ɗa'un kuwa cuta ce guda tak, mai ƙwayar bakteriya guda da likitoci ke kira Yersinia pestis, kuma mai alamar da ba ta ɓuya: zazzaɓi mai zafi ya rufe mutum, sannan kaluluwa ta kumbura masa a matsematsi ko a hammata ko a wuya, wani lokaci har ta kai girman ƙwan kaza. Idan ba a yi magani ba, tsakanin kashi 30 zuwa 60 cikin ɗari na masu wannan nau'in suna mutuwa. Idan ƙwayar ta shiga huhu, sai ta koma yaɗuwa ta tari daga mutum zuwa mutum, kuma da wuya wanda bai sami magani ba ya tashi.

Sau uku wannan cuta ta ƙetare nahiyoyi: a ƙarni na 6, da ƙarni na 14, da ƙarshen ƙarni na 19. Abin da ya sa nake ganin tarihinta ya cancanci a zauna a karanta shi da natsuwa shi ne, ɗa'un ba cutar mutane ba ce tun asali. Gidanta ramukan ɓerayen daji ne da danginsu. Ba ta da ƙafar da za ta kai ta Makka ko Landan ko Legas. Duk inda aka gan ta a nesa da gida, mutum ne ya ɗauke ta a cikin kayansa, don haka wanda ya bi sawunta zai ga hanyoyin ciniki da na yaƙi na kowane zamani a shimfiɗe.

Mu fara da yadda take tafiya, domin sai da shi sauran labarin zai zauna. A tsaunuka da filayen tsakiyar Asiya akwai wata dabba mai kama da kurege, sai dai ta fi shi ƙiba nesa ba kusa ba, tana zama a rami tana barcin hunturu. Ita da wasu ɓerayen daji su ne ma'ajiyar ƙwayar. Ƙuma ce ke ɗaukarta daga wannan dabba zuwa waccan. Idan ƙuma ta sha jinin da ke da cutar, ƙwayoyin sukan hayayyafa a gaban cikinta har su toshe mata hanyar abinci. Yunwa ta dame ta, ta dinga cizo ba ƙaƙƙautawa, jinin ya kasa wucewa, ta mayar da shi cikin wanda ta ciza tare da ƙwayar. Dabbobin daji sun saba da wannan tun da daɗewa, wasu su mutu wasu su rayu, cutar ta ci gaba da zagayawa a tsakaninsu. Matsala tana tasowa ne ranar da ta tsallaka zuwa ɓeran gida, baƙin ɓeran nan mai son rumbu da rufin ɗaki da cikin jirgin ruwa. Shi ba ya jure ta. Yana mutuwa ƙumar jikinsa ta nemi wani jini mai ɗumi, kuma wanda ya fi kusa shi ne mai gidan. Shi ya sa a Indiya da Sin tsofaffi suka san cewa idan ɓeraye suka fara faɗowa matattu daga rufi, lokacin barin gida ya yi.

Ƙwayar ta girmi duk wani rubutaccen tarihi. Masu binciken tsoffin ƙaburbura sun ciro alamunta daga haƙoran mutanen da suka mutu kimanin shekara 5,000 da suka wuce a Latbiya da Suwidin. Waccan tsohuwar ba ta riga ta mallaki abin da ke ba ta damar rayuwa a cikin ƙuma ba. Sai a ƙasusuwan da suka kai kimanin shekara 3,800, a yankin Samara na Rasha, aka sami wadda ta ƙware a hawan ƙuma. Daga nan ta zama abin da muka sani.

Zagaye na farko

A shekarar 541 miladiyya cutar ta bayyana a Pelusium, garin da Larabawa suka sani da Farama, a gabashin bakin kogin Nilu. Masar ce ke ciyar da babban birnin Rumawa na gabas a lokacin, jiragen alkama suna tashi daga Iskandariyya zuwa Ƙusɗanɗiniyya kowace shekara. Inda hatsi ya je ɓera zai je. A 542 annobar ta isa birnin. Procopius, marubucin tarihi wanda yana cikin garin a lokacin, ya rubuta cewa mamata sun kai dubu biyar a rana, daga baya har dubu goma, kuma da ƙaburbura suka ƙare sai aka dinga zuba gawa a cikin hasumiyoyin ganuwa. Sarki Justinian kansa ya kamu, ya warke, sunansa ya bi annobar har yau. Masana suna jayayya kan alƙaluman Procopius da kuma yawan ɓarnar da aka yi a karkara. Abin da aka daina jayayya a kai shi ne irin cutar, tun da aka sami ƙwayar ɗa'un a gawawwakin ƙarni na 6 a Aschheim, kusa da Munich a Jamus. Marubutan zamanin sun ce daga Habasha ta taso, amma dangin ƙwayar mafi kusa da aka gano suna nuni ne zuwa tsaunukan Tian Shan na tsakiyar Asiya.

Ba sau ɗaya ta zo ta wuce ba. Ta yi ta komowa bayan 'yan shekaru har wajen 750, wato fiye da shekara ɗari biyu. Farkon tarihin Musulunci gaba ɗayansa a cikin wannan zagaye ya auku, abin da yawancinmu ba ma haɗawa idan muna karatun sira. Ɗa'un ɗin Amwas da ake ambata a littattafanmu igiya ce daga cikin igiyoyin annobar Justinian.

Amwas ƙauye ne a Falasɗinu inda rundunar Musulmi ta yi sansani. A shekara ta 18 bayan hijira, wato wajen 639, cutar ta faɗa wa rundunar. Sayyidina Umar ya taso daga Madina zai je Sham, ya kai wani wuri da ake kira Sarg, kwamandoji suka tarye shi da labarin. Ya yi shawara da Muhajirai, suka rabu biyu. Ya yi da Ansar, su ma haka. Dattawan Ƙuraishawa suka ce ya koma. Da ya yanke shawarar komawa, Abu Ubaida ɗan Jarrah ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah zai yi, Umar ya amsa cewa daga ƙaddarar Allah suke gudu zuwa ƙaddarar Allah. Sannan Abdurrahman ɗan Auf, wanda ba ya wurin tun farko, ya iso ya faɗi abin da ya ji daga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi: idan kun ji labarinta a wata ƙasa kada ku shiga, idan kuma ta auku kuna ciki kada ku fita don gudunta. Umar ya juya da mutanensa.

Abu Ubaida ya zauna tare da rundunarsa ya rasu a cikinta. Mu'azu ɗan Jabal ya gaje shi, shi ma ya rasu, tare da ɗansa. Yazidu ɗan Abu Sufyan da Shurahbil ɗan Hasana duk a nan suka tafi. Masu tarihi na ambaton mutum wajen dubu ashirin da biyar. An ruwaito cewa da jagoranci ya zo hannun Amru ɗan As, sai ya umarci mutane su watse zuwa kan duwatsu, kuma daga nan abin ya lafa. Wanda ya san yadda cutar ke tafiya zai gane dalili: sun bar sansani mai cunkoso, da rumbunan abincinsa da ɓerayensa. Rasuwar Yazidu kuma ita ta buɗe wa ƙaninsa Mu'awiya ƙofar mulkin Sham, kuma kowa ya san inda wannan ƙofa ta kai tarihi. Bayan Amwas an yi wadda aka kira Jarif a Basra, saboda yadda ta share mutane, da wasu bayanta, har zuwa ƙarshen daular Umayyawa. Daga nan cutar ta yi shiru a yankin Bahar Rum na kusan shekara ɗari shida.

Zagaye na biyu

An daɗe ana cewa annobar ƙarni na 14, wadda Turawa suka kira Baƙar Mutuwa, daga Sin ta taso, ba tare da wata hujja mai ƙarfi ba. Hujja mafi ƙarfi da ake da ita yanzu ta fito ne daga wata maƙabarta a kwarin Chu, kusa da tafkin Issyk-Kul a Kirgistan ta yau. Tun ƙarshen ƙarni na 19 aka tono wurin, aka lura cewa duwatsun kan ƙaburbura masu ɗauke da shekarun 1338 da 1339 sun yi yawa fiye da kima, kuma wasunsu an rubuta da harshen Suryani cewa annoba ce ta kashe mai kabarin. Mutanen 'yan kasuwa ne, an sami lu'ulu'u da murjani da kayan nesa a tare da su. A 2022 aka fitar da sakamakon gwajin haƙoransu: ɗa'un ce, kuma irin da aka samu shi ne kakan wanda ya afka wa Turai bayan shekara takwas, kakan kuma mafi yawan ire-iren da ke duniya a yau. Danginsa na kusa har gobe suna jikin dabbobin ramin tsaunukan wurin.

Lokacin kuwa daular Mongol ta ɗinke Asiya daga Sin har Bahar Aswad, ayari na tafiya da kariya, manzanni na sauya dawaki a zango-zango. Cutar ta bi wannan hanya zuwa bakin kogin Volga, ta isa Kirimiya a 1346.

A nan ne aka sami labarin da ya fi kowanne yaɗuwa. Wai Jani Beg, sarkin Mongol na yankin, ya kewaye Kaffa, garin 'yan kasuwar Genoa, da cutar ta kama sojojinsa sai ya sa aka dinga cilla gawawwaki cikin garin da majajjawar yaƙi. Ana maimaita wannan labari kamar an gani da ido. Mutumin da ya rubuta shi, Gabriele de' Mussi, yana zaune ne a Piacenza ta Italiya, bai je Kaffa ba. Ƙuma kuma tana barin gawa da zarar ta yi sanyi. Bayanin da ya fi gamsar da ni shi ne na masu binciken takardun ciniki: saboda yaƙin an hana fitar da hatsi daga tashoshin Bahar Aswad, da aka yi sulhu a 1347 aka buɗe, sai jirage suka kwashi alkamar da ta daɗe a rumbuna, da ɓerayenta da ƙumarta. Labarin majajjawa ya fi daɗin ji domin yana da mugu a ciki, kuma mugun baƙo ne. Na alkama ba shi da kowa sai masu saye da sayarwa.

Daga nan abin ya yi gudu. Ƙusɗanɗiniyya a 1347. Messina ta Sisili a watan Oktoba na shekarar, Iskandariyya ma a wannan kaka. Genoa da Venis da Marseille kafin ko a farkon 1348, kudancin Ingila a tsakiyar shekarar, Norway a 1349, Mosko a 1353 inda ta kashe sarkinta Simeon. Turai ta rasa tsakanin sulusi da rabin mutanenta a cikin shekara biyar zuwa shida.

Yawancin abin da ake rubutawa yana tsayawa a Turai, alhali ƙasashen Musulmi sun sha daidai abin da ta sha. Ana ƙiyasta cewa Masar da Sham sun rasa wajen sulusin jama'arsu. Ibn Baɗuɗa yana Dimashƙa a watan Yulin 1348, ya ga mutane sun yi azumin kwana uku, sannan suka fito ba takalmi, Musulmi da Alƙur'ani, Yahudawa da Attaura, Kiristoci da Linjila, maza da mata da yara, suna kuka suna roƙon Allah tare. Da ya koma Maroko ya tarar cutar ta ɗauke mahaifiyarsa. Ibn Khaldun yana saurayi a Tunis ya rasa uwa da uba da malamansa da dama. Ibn al-Wardi ya rubuta bayaninta a Halab, ita ce kuma ta kashe shi a 1349. A shekarar ta shiga Makka tare da mahajjata. A Andalus, Ibn al-Khaɗib na Garnaɗa ya tsaya kai da fata cewa cutar tana yaɗuwa ta cuɗanya da tufafi da kwanuka, hujjarsa kuwa ita ce abin da ya gani: waɗanda suka keɓe kansu sun tsira, garuruwan bakin teku kuma suna kamuwa ne bayan isowar jirgi.

Ɓarna iri ɗaya ba ta haifar da sakamako iri ɗaya ba. A Ingila ma'aikata sun yi ƙaranci, lada ya tashi, masu ƙasa suka sa aka yi dokar 1349 da ta 1351 don a daskarar da shi, talakawa suka ƙi, rikicin ya kai ga boren manoma na 1381. A Masar kuwa noma ya dogara ne ga madatsu da magudanan Nilu da sai dubban hannaye ke iya gyarawa duk shekara. Da hannayen suka ƙare, magudanai suka cike, gonaki suka mutu, kuma ƙasar ta daɗe ba ta farfaɗo ba.

Akwai abin da ba zan tsallake ba. A garuruwan Jamus da Faransa da Suwizalan an ƙaga cewa Yahudawa ne suka zuba guba a rijiyoyi. A Strasbourg, ranar 14 ga Fabrairun 1349, an ƙone ɗaruruwansu tun cutar ba ta ma shiga garin ba, aka kuma soke basussukan da ake bin manyan gari. Fafaroma Clement na shida ya fitar da takarda yana cewa ƙarya ce, tunda su ma suna mutuwa kamar kowa, ba a saurare shi ba. Wannan hali na neman wanda za a ɗora wa laifi zai sake bayyana a zagaye na uku da wata riga.

Shin ta ƙetaro Sahara? Ibn Baɗuɗa ya shiga Mali a 1352, ya bi ta Tumbutu da Gao har Takedda a Nijar ta yau, bai ambaci annoba ba. An daɗe ana ɗaukar wannan shiru a matsayin amsa. Sai dai masu tonon tarihi sun lura da wani abu: a Akrokrowa ta kudancin Ghana an watsar da garuruwa masu ganuwar ƙasa wajen tsakiyar ƙarni na 14, a Kirikongo ta Burkina Faso kuma gari ya ragu da kusan rabi a daidai wannan zamani, ba alamar yaƙi. Masanin tarihi Gérard Chouin da abokan aikinsa suna ganin ɗa'un ce. Har yanzu zato ne mai ƙarfi, ana jiran ranar da za a ciro ƙwayar daga ƙashin wani da aka binne a yankin. Abin da aka tabbatar shi ne irin ɗa'un ɗin da ke gabashi da tsakiyar Afirka a yau jikan na ƙarni na 14 ne.

Zagaye na biyu ya ɗauki kusan shekara ɗari biyar yana komowa. Ibn Hajar al-Asƙalani ya binne 'ya'yansa mata uku a Alƙahira saboda ita a ƙarni na 15. Milan a 1630, Naples a 1656, Landan a 1665 inda wajen mutum 100,000 suka mutu, Mosko a 1771, Bagadaza a 1831. A cikin wannan doguwar wahala aka ƙirƙiro killace matafiya: garin Ragusa, Dubrovnik ta yau, ya yi doka a 1377 cewa mai zuwa daga inda ake annoba sai ya yi kwana talatin a tsibiri, daga baya aka mayar da shi arba'in. Marseille ta nuna abin da ke faruwa idan aka yi wa dokar rangwame. A 1720 wani jirgi ya zo daga Sham da yadudduka, mutane sun mutu a cikinsa a hanya, amma manyan gari suna da rabo a kayan kuma suna son su kai kasuwa a kan kari. Aka sassauta. Kusan rabin mutanen birnin suka mutu.

Zagaye na uku, wanda ya iso mana

Lardin Yunnan na kudu maso yammacin Sin ya daɗe da cutar a ɓerayensa. Daga 1855, haƙar ma'adinai da cinikin ofiyom da yaƙin da Musulmin lardin suka yi da daular Qing daga 1856 zuwa 1873 suka motsa sojoji da 'yan gudun hijira, cutar ta bi su a hankali zuwa bakin teku. A 1894 ta kashe dubun dubata a birnin Canton na kudancin Sin, ta tsallaka Hong Kong. Bambancin wannan karo shi ne jirgin ruwa mai tururi. Tafiyar da ta ɗauki shekaru a ƙarni na 14 yanzu makonni ce. Bombay a 1896, Madagaska a 1898, Iskandariyya da Porto da Honolulu a 1899, San Francisco da Sydney da Glasgow a 1900, Cape Town a 1901. Cikin shekara goma ta taɓa kowace nahiya da mutane ke zaune.

A Hong Kong ɗin ne aka gano ƙwayar. Alexandre Yersin, likita daga cibiyar Pasteur, ya iso a watan Yunin 1894, hukumomin Ingila suka fifita likita Kitasato na Japan suka hana Yersin gawa. Ya gina bukkar ciyawa kusa da asibiti, ya dinga ba masu kai gawa kuɗi su bar shi ya yanki kaluluwa, a nan ya ga ƙwayar da yanzu ke ɗauke da sunansa. A 1897 Waldemar Haffkine ya haɗa rigakafi a Bombay ya fara gwadawa a jikinsa. A 1898 Paul-Louis Simond ya nuna a Karachi cewa ƙuma ce mai kaiwa, aka yi masa dariya kusan shekara goma kafin a yarda.

Wannan jinkiri ya yi tsada. Indiya kaɗai ta rasa wajen mutum miliyan 12 a cikin shekaru talatin da 'yan kai, Turai kuwa 'yan ɗaruruwa. Tunda hukumomin mulkin mallaka sun ɗauka ƙazantar talaka ce cutar, sai suka auka wa talaka. Dokar annoba ta 1897 ta ba sojoji ikon kutsawa gidaje a Indiya, su tuɓe mutane a tashar jirgin ƙasa suna laluben hammata, su ƙone kaya, su kwashe marasa lafiya da ƙarfi. Mutane suka koma ɓoye majinyata, wasu suka gudu ƙauyuka da cutar a kayansu. A Pune an harbe jami'in annoba W. C. Rand a watan Yunin shekarar. A Honolulu an cinna wa gidajen unguwar Sinawa wuta da sunan tsafta a Janairun 1900, iska ta juya, unguwar ta ƙone ƙurmus. A Cape Town an kwashe baƙaƙen fata dubu shida zuwa bakwai aka kai su bayan gari, wurin da ya zama Ndabeni, alhali cutar ta shigo ne da abincin dawakin sojojin Ingila. A Johannesburg a 1904 an ƙone unguwar Indiyawa aka kai mutanenta Klipspruit, inda Soweto ta tsiro daga baya. A Dakar a 1914 an ƙone bukkoki aka tura mutane sabuwar unguwar Madina, 'yan kasuwa suka rufe kasuwanni don nuna fushi. Ɓera bai san layin da aka ja tsakanin unguwar Bature da ta baƙi ba, amma layin ya zauna bayan cutar ta tafi.

Manchuria ta ga wani salo dabam a 1910 zuwa 1911. Farashin fatar dabbar ramin nan ya tashi, baƙin mafarauta suka cika daji suna kama har marasa lafiya, waɗanda mafarautan gargajiya ke ƙyalewa. Cutar ta shiga huhu, ta bi layin dogo, ta kashe wajen mutum 60,000. Wu Lien-teh, matashin likita, ya gane ta iska take tafiya, ya sa aka ɗaura takunkumin auduga aka tsayar da jirage. Wani likita Bafaranshe, Mesny, ya raina maganarsa, ya shiga ɗakin majinyata fuska a buɗe, ya mutu bayan 'yan kwanaki.

Afirka ta Yamma ta sami rabonta ta bakin teku. Akra a 1908. A 1924 ta shiga Sekondi ta hau zuwa Kumasi, inda ta yi ɓarna a zango, unguwar Hausawa da sauran mutanen arewa. Aka rushe gidaje, gwamnati ta gina sabon zango. A watan Yulin shekarar ta bayyana a Legas, kuma rahotannin lokacin sun danganta shigowarta da fataucin goro daga Ghana, cinikin da ya riga ya bar hanyar ayari ta Gwanja ya koma jirgin ruwa. Ta zauna a Legas har 1931, ta kama mutum kusan dubu biyu, mafi yawansu suka mutu, ta kuma leƙa Ijebu da Abeokuta. An yi ta farautar ɓera ana biyan lada, aka rushe unguwar Oko Awo, aka kafa hukumar tsara birnin Legas a 1928. Tsarin gari na zamani a Legas daga wannan annoba ya samo tushe, kuma tun ranar farko da rusau ya fara.

A tashoshinmu cutar ta mutu domin ba ta sami dabbar dajin da za ta riƙe ta ba. A wasu wuraren ta samu. A Kalifoniya gwamna Henry Gage ya musanta cewa akwai ta don kada ciniki ya tsaya, kafin a farga ta shiga jikin kuregun daji, kuma har yau Amurka na samun mutum wajen bakwai a shekara. Haka ta zauna a Peru da tsaunukan Madagaska.

Yau maganinta sananne ne kuma ba shi da tsada: streptomycin, gentamicin, doxycycline, ciprofloxacin. Sharaɗin shi ne a fara da wuri, a nau'in huhu ma cikin awa 24. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙirga mutum 3,248 da suka kamu tsakanin 2010 da 2015, 584 suka mutu, mafi yawa a Madagaska da lardin Ituri na Kwango da Peru. Tana kuma iya yin shiru ta dawo: ta bayyana kusa da Oran ta Aljeriya a 2003 bayan fiye da shekara hamsin, da kusa da Tobruk ta Libiya a 2009. A Saudiyya a 1994 ta kama mutanen da suka ci ɗanyar hantar raƙumi mara lafiya, abin da ya kamata mahauta da makiyayan raƙuma su sani.

Madagaska ce ta fi nuna inda haɗarin yake. Kowace shekara daga Satumba zuwa Afrilu ana samun masu kamuwa a ƙauyukan tsauni, inda ake ajiye shinkafa a ɗakin kwana saboda tsoron ɓarayi, ɓera kuma ya biyo ta. A watan Agustan 2017 wani mutum ya taso daga yankin Ankazobe da zazzaɓi da aka ɗauka na cizon sauro ne, ya shiga motar haya ta bi ta Antananarivo za ta Toamasina. Cutar ta riga ta kai masa huhu, ya mutu a hanya, aka binne shi ba tare da wani kariya ba. Kafin ƙarshen Nuwamba an ƙirga mutum wajen 2,400 da ake zargin sun kamu a ƙasar, yawancinsu a manyan birane, fiye da 200 suka mutu. A tsibirin ne kuma, tun 1995, aka sami wani irin ƙwayar da ba ya jin magunguna takwas, har da streptomycin, a jikin wani yaro.